Damina Biyu a Gonar Yohanna

Abin da ya fara tsorata ni a ƙasar Kontagora shi ne itatuwa. Ni mutumin Tasawa ne, can ƙasar Nijar, inda in ka tsaya a bakin gari za ka hango raƙumi tun yana ɗan ɗigo. A nan kuwa tun muna cikin mota nake ganin kaɗanya da ɗorawa sun haɗa kai, busasshiyar ciyawar bara ta shanye tsawon mutum. Na ce a raina, mutanen da Allah ya ba irin wannan ƙasa, me ɗan tudu kamata zai zo ya nuna musu a harkar noma?

A farkon shekarun casa'in ne. Ina karatun digiri na biyu a fannin noma a wata jami'a ta Nijeriya, sai wata ƙungiya ta ƙasar waje ta ware tallafi ga ɗalibai masu bincike. Sharaɗinsu ɗaya ne: ba a gonar makaranta za a yi gwajin ba, sai a gonakin manoma, tare da su. Na nema, Allah ya ba ni. Abin da na ce zan gwada shi ne maganin ciyawar nan da muke kira ƙuduji, su kuma a nan suke ce mata wuta-wuta, wadda ke kama saiwar dawa ta tsotse ta har ta tsumbure. Takin zamani ya yi tsadar da talaka ba ya iya saye. Tunanina shi ne, in aka shuka waken suya a gona damina guda, aka bi shi da dawa a damina ta gaba, ƙasa za ta farfaɗo, ƙuduji ya ragu, ba tare da an sayi taki ba.

Tallafin kashi biyu ne. Na farko an damƙa mini a hannu, na iri da masauki da kuɗin mota. Na biyu aka ce zai shigo asusun sashenmu a wani banki kafin tsakiyar damina, a cikinsa har da abin da za a biya duk manomin da gwajin ya jawo wa asara. Da wannan alkawari na zo, shi ne duk jarina. A gida kuwa na baro matata Zali da ƙaramin ciki a hannun mahaifana.

Malamina ya haɗa ni da wani ma'aikaci a ofishin gona na garin, wanda ya ce zai sauke ni. Da na je aka ce an yi masa canjin wurin aiki tuntuni. Na dawo tasha da akwatina da ma'aunina na rataye, na zauna a kan benci, ban san kowa ba, la'asar kuma tana ta sanyi. Kusa da ni wata tsohuwa ce ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Na tambaye ta ko akwai wata lakwal a kusa, ina tunanin ko malamai za su bar ni in kwana a aji.

Ta dube ni ta ce, "Lakwal? Ɗan nan, daga Faranshi kake?"

Na ce, "Daga Nijar nake, Gwaggo. Makaranta nake nufi."

Ta ce, "Na gane. Maigidana, Allah ya jiƙansa, fataken shanu ne, har Maraɗi yakan je. Haka yake dawo mini da irin maganarku. Me ya kawo ka?"

Na kwashe labari na gaya mata. Ta gama haɗa kwalabenta, sannan ta ce in ɗauki tiren in biyo ta. Sunanta Gwaggo Asabe. Akwai ɗaki a zauren gidanta inda take ajiye buhunan gyaɗa, ta sa aka matsar da su gefe, aka shimfiɗa mini tabarma. A nan na zauna har na bar ƙasar. Tufafina duk sun ɗauki ƙanshin soyayyar gyaɗa, unguwa kuma ta raɗa mini suna Ɗan Faranshi.

Wani malamin gona ne ya fara kai ni a bayan babur ɗinsa zuwa wata tunga da ke gaba da Sahon Rami, inda ya ce wuta-wuta ta fi yin ɓarna. Kambari ne mutanen wurin, wasu Kirista wasu Musulmi. Aka taru a gindin ɗorawa, na yi bayani, aka saurare ni cikin ladabi. Da na gama sai wani dattijo ya ce wasu ma sun taɓa zuwa da mota mai rubutu a ƙofa, suka auna gonaki da igiya, suka ce taki na tafe, har yau ba a sake ganinsu ba. Wani ya tambaya ko bayan awon gwamnati za ta karɓe ƙasar. Na rantse, na sake rantsewa. A ƙarshe mutum kaɗan suka yarda, kowa ya nuna mini ɗan lungun gonar da ya riga ya fid da rai da shi.

Mutum ɗaya ne ya bambanta, Yohanna. Zai yi sa'ar ƙanen mahaifina, gajere ne, mai faɗin kafaɗa, ba ya son dogon zance. Hausarsa ta kasuwa ce, tawa ta Faranshi, in mun kasa fahimtar juna sai mu koma nuni da hannu. Ya ja ni bayan gidansa ya nuna mini gonar da yake ci da iyalinsa daga gare ta.

Ya ce, "Ubana ya cika rumbu biyu a nan. Ni yanzu ɗaya ma ba ya cika. In maganin gaskiya ne, a nan nake so, ba a bakin daji ba."

Matarsa Saratu tana tsaye a bakin danga da ƙwarya a hannu. Ta ce, "Malam, mu ba ma cin wannan wake. In aka hana gonar dawa bana, me yara za su ci?"

Na ce, "Mama, waken zai sayu a kasuwa, ku sayi dawa. In kuma bai yi ba, an ware kuɗin da za a biya ku."

"Yana ina kuɗin?"

"Yana tafe."

Ta maimaita kalmar a hankali, ta juya ta shige gida. Tun daga ranar in ta gan ni sai ta ce ga Malamin Wake.

Iri na nema a kasuwar Kontagora. Aka nuna mini wani mai awo ana ce masa Sale, mai fara'a, mai yawan ambaton Allah. Na san waken suya ba ya jure ajiya, in ya kwana biyu a zafi sai ya mutu a cikin buhu ba tare da ya sauya kama ba. Saboda haka na karɓi kaɗan na gwada a jiƙaƙƙen buhu a ɗakina, ya tsiro fes, kusan duka. Na koma na biya. Sale ya ce in bar masa wahalar, shi zai ɗinke buhunan ya ɗora a a-kori-kura ranar kasuwa. Na yi godiya har da addu'a.

Ruwa ya sauka, aka yi huɗa, muka shuka. Yohanna da iyalinsa suna gaba, ina biye ina kafa turaku. A lokacin ina kwana a tungar, a ɗakin baƙi na mai unguwa, sai ƙarshen mako nake komawa gari. Kullum da safe nakan zagaya kunyoyin. Lokacin da ya kamata tsiro ya fasa ƙasa ya zo ya wuce. Nan ɗaya, can ɗaya, kamar haƙoran tsoho. Na ce wa kaina ƙila ƙasar ce ta yi sanyi. Masarar maƙwabta ta fito kore shar. Da na kasa haƙura na durƙusa na tona da yatsa, na ciro ƙwayar ta ruɓe, tana wari. Na tona gaba, haka. Na je gonakin sauran, haka. Abin da ya tsiro shi ne ɗan wanda aka zuba a bakin buhu, na ƙasa duk tsohon wake ne.

Ina durƙushe Yohanna ya zo ya tsaya a kaina. Na miƙa masa abin da ke tafin hannuna. Ya shinshina, ya watsar, ya goge hannu a wando.

Ya ce, "Yanzu fa, Malam?"

Na ce, "Zan samo wani iri, Baba."

Ya ɗaga kai ya dubi hadarin da ke haɗuwa a gabas.

Na iske Sale a rumfarsa yana auna wa wata mata gero. Na gaya masa abin da ya faru. Fara'arsa ba ta ragu ba ko kaɗan.

Ya ce, "Allah sarki, Ɗan Faranshi. Ai wake na sayar maka, ban sayar maka da tsiro ba. Tsiro na Allah ne."

Na ɗaga murya, mutane suka taru. Da suka ji harshena sai na ga fuskoki sun sauya. Wani ya ce baƙo bai kamata ya zo yana zagin 'yan gari a kasuwarsu ba. Wani dattijo mai sayar da igiya ya riƙe hannuna ya fitar da ni daga taron, ya ce a kunnena, "Kana da gaskiya, amma ba ka da kowa. Tafi." Na tafi.

Abin da ya rage a hannuna bai isa sayen wani iri ba. Kashi na biyu kuma shiru. Sai na kama hanyar jami'a in ji dalili.

Lokacin ana fama da ƙarancin mai. Motoci sun yi layi a gidajen mai har sun toshe titi, 'yan bumburutu ne kaɗai ke da shi a galan. Da ƙyar na sami wuri a wata tsohuwar fijo da aka cusa mu kamar buhuna. Bayan mun wuce Tegina muka tarar da shinge. Masu kaki suka ce kowa ya fito. Da suka ga fasfona sai aka ware ni gefe, aka zazzage jakata, aka ci karo da zanen gonakin da na yi, mai layuka da alamomi.

Babbansu ya ce, "Taswirar ina ce wannan? Ɗan wata ƙasa, kana yawo kana zana mana daji?"

Na ce gonaki ne, ranka ya daɗe, na nuna takardar makaranta. Ya juya ta gaba da baya, ya ce hatimin bai fito sosai ba. Direba ya jira, ya gaji, fasinjoji suka fara gunaguni, ya sauke mini jakata ya ja motarsa. Na zauna a kan wani kututture ina kallon rana tana tafiya. Abin da ke raina ba kaina ba ne, kunyoyin nan ne da ke can a buɗe, ciyawa na cinye su. Sai da agogon hannuna ya koma hannun wani sannan hatimin ya fito. Wani direban babbar mota mai ɗauke da doya, wanda ya ga abin da ya faru, ya yafito ni. Bai karɓi ko kwabo ba, ya ma saya mini shayi da burodi a hanya. Ban tambayi sunansa ba, har yau abin na damuna.

Na iske jami'a a rufe, malamai na yajin aiki. Ofisoshi duk da kwaɗo, awaki na kiwo a gaban sashenmu. Na nemi gidan akawun sashe, na same shi yana wanke babur.

Ya ce, "Ba ka ji ba? Kuɗinku sun shigo tuni. Bankin ne ya durƙushe."

Ban fahimta ba, sai da na je na gani da idona. Ƙofar ƙarfe a garƙame, an manna takarda, mutane zaune a bakin kwata, wasu da tabarmi kamar masu zaman makoki. Wata mata tana ta buga ƙofar da tafin hannu a hankali. Na jingina da bango.

Da na koma wurin akawun ya ga yanayina, sai ya kawo mini ruwa, ya rage murya. "Malam Isuhu, in ba ka shawara? Masu tallafin nan alƙaluma suke so. Ba wanda zai taso daga ƙasarsu ya je wata tunga. Ka sami ɗaki ka zauna, ka cika musu takarda yadda za ta yi kyau, ka karɓi digirinka ka koma gida. Ba kai ne farko ba."

Ba zan ce maganar ba ta shige ni ba. Na gaji, ina jin zazzaɓi na taso mini, ina son ganin Zali. Daga garin zuwa iyaka tafiyar yini ce kawai. Amma ko na cika takardar, gonar Yohanna tana nan yadda na bar ta, kuma ni na kafa turakun da ke cikinta.

Malamina, wanda muke kira Dakta, na same shi a bayan gidansa cikin kejin kaji yana tsintar ƙwai, da su yake riƙe gida tun da aka tsayar da albashi. Ya saurare ni har ƙarshe.

Ya ce, "Isuhu, ɗan abin da na tara ni ma yana cikin bankin nan. Zan rubuta wa mutanen, zan je inda ake buga waya zuwa ƙasar waje in yi ta nemansu. Amma ba zan yi maka ƙarya ba, ban san ranar da za su amsa ba, ban ma san ko za su amsa ba."

"To me zan gaya wa manoman, Dakta?"

"Abin da ka gani. Ka koma ka tsaya inda za su riƙa ganinka."

Ya shiga ciki ya fito da kuɗin mota, da dafaffen ƙwai a leda.

Na iso Kontagora jikina kamar garwashi. Gwaggo Asabe ta dafa mini ganyen darbejiya, ta lulluɓe ni na yi sirace, ta zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa har na sami kaina. Sannan ta ce in gaya mata komai. Na gaya mata.

Ta ce, "Shi waken nan, me yake yi wa ƙasa da gyaɗa ba ta yi?"

Na ce kusan aikinsu ɗaya, sai dai waken aka rubuta a takardar tallafin.

"Takardar ce za ta ci tuwo?" Ta nuna buhunan da nake kwana kusa da su. "Waccan ta ƙarshe 'yar gaggawa ce, ba ta daɗewa a gona. Ta bara ce, da ɓawonta. Ɗauki abin da zai ishe ka."

Na ce, "Gwaggo, jarinki ne fa. Ban san ranar da zan biya ba."

"Na tambaye ka rana? Tashi ka nemi mota, ruwa ba ya jiran mai zazzaɓi."

A tungar na tara su na faɗi gaskiya: irin ya mutu, kuɗin sun maƙale, ban san ranar fitarsu ba. Biyu daga cikinsu suka tuge turakuna a ranar, suka watsa dawa ko za a dace. Ban ga laifinsu ba. Dattijon da ya yi maganar masu mota mai rubutu ya ce aƙalla wannan ya dawo da ƙafarsa. Yohanna ya buɗe buhun gyaɗar, ya ɓare ɗaya, ya tauna.

Saratu ta ce, "Da wake ne, yanzu gyaɗa. Gobe kuma me za ka kawo, Malam?"

Na ce, "Ba ni da abin da zan ce miki, Mama."

Ta ce, "Gara haka."

Lokacin dawa mai kyau ya riga ya wuce, don haka muka shuka gyaɗar. Na ajiye littafi na ɗauki fartanya, na yi noma tare da su har hannuna ya yi kanta. Sauran daminar a cikin fargaba na yi ta. In hadari ya taso ya watse, sai in ce za ta bushe. In an yi ruwa da yawa, in ce za ta ruɓe. Duk ranar kasuwa sai na je gidan waya in duba ko Dakta ya aiko da wani abu, in dawo hannu wofi. Abinci ma ya daina shiga. Ga doya ga masara ko'ina, ni kuwa ba abin da nake marmari sai furar gero irin ta gidanmu, mai yaji, da nonon da Zali ke damawa.

Ruwa ya ɗauke da wuri. Gyaɗar ta yi, amma rabi ƙwaya rabi iska. Da aka sayar aka sayi dawa, na ga inda ta tsaya a rumbun Yohanna, na san ba za ta kai su ko tsakiyar rani ba. Ba da daɗewa ba na ga an ja akuyar Saratu zuwa kasuwa. Na lura kuma an daina ɗora tukunya da rana a gidan.

A cikin wannan hali ne wani direba ɗan ƙasarmu, mai jigilar albasa, ya kawo mini kaset daga gida. Na ari rediyon maƙwabcin Gwaggo na saka. Muryar mahaifina ce ta fara, ya yi sallama, ya ce Zali ta sauka, an sami mace, amma ta sha wuya, sai da aka kai ta likita. Ya ce in zo. Sai aka yi shiru, na ji motsi, sannan muryar Zali, a shaƙe, kamar daga cikin rijiya. Ta ce tana samun sauƙi, kada in damu, yarinyar tana da goshina. A bayanta ina jin kukan jaririya. Na mayar da wurin na sake ji, na sake mayarwa, har mai rediyo ya aiko a ce batirinsa.

Ina da 'yan kuɗin ƙasarmu, sefa, da na ɗinke a cikin rigar sanyi tun daga gida, na ranar komawa. Ko a shingen nan ban taɓa su ba. Za su kai ni Tasawa, in yi wa mai jego ɗan abin da ya sawwaƙa. Na farke ɗinkin na zauna da su a hannu. In na tafi, ba ni da abin dawowa, mutanen tunga kuma za su ce ga wani ya sake ɓacewa, wannan karon da abincin shekarar wani. In na zauna, matata ta kusa mutuwa ban je ba.

Gwaggo ta leƙo ta gan ni. Na ce ta ba ni shawara. Ta ce, "Wannan ba ni zan yanke maka ba, ɗan nan. Can akwai uwarka da ubanka a kanta. Nan kuwa ka fi ni sanin wanda ke kansu."

Washegari na canza kuɗin, na sayi dawa, na ɗora a a-kori-kura. Na ce wa Yohanna wani ɓangare ne na tallafin ya fito. Sannan na ari rediyon na yi wa gida magana a bayan kaset ɗin nan. Sau da yawa ina farawa ina tsayawa. Amsar da direban ya kawo mini daga baya ta baki ce: mahaifina ya ce ya ji. Zali kuwa ba ta aiko da komai ba. Wannan shirun ya fi komai hana ni sukuni a duk zamana.

Sai da zafin bazara ya kankama saƙon Dakta ya zo. Masu tallafin sun yarda su sake turo wani abu, ba duka ba, ta hannunsa kai tsaye, in har manoman sun amince a ci gaba a damina ta biyu. Kafin kuɗin su iso hannuna kaya sun yi tashin da darajar kuɗin ta zube. Na biya waɗanda suka yi asara gwargwadon abin da ya samu, na mayar wa Gwaggo gyaɗarta. Babu abin da ya rage na komawa gida, shuka kuma ta matso.

Na je neman amincewar Yohanna. Ya nuna matarsa da haɓa, ya ce ita za a tambaya.

Saratu ta ce, "Bana dawa ce, ko?"

"Dawa ce, Mama."

"To irinmu za mu shuka, wanda na ajiye da hannuna. Kai ka kawo igiyarka da ma'auninka kawai. Kada ka sake sayo mana komai a kasuwa."

Na ce na yarda.

Dawa ta tsiro, ta yi kyau, amma wannan bai kwantar mini da hankali ba, don ƙuduji ba ya nuna kansa da wuri. Yana can ƙarƙashi yana aikinsa, sai dawa ta kai ƙugu yake ɓullowa da furensa mai ruwan hoda. Kullum ina cikin gonar a sunkuye ina leƙa gindin kara. Akwai ɗan yankin da muka bari ba a sa masa gyaɗa ba, don a kwatanta. A can ya fara fitowa, ya rufe ƙasa. Na riƙa addu'a kada ya haura igiyar.

Ya haura. Ranar da na ga furen farko a ɓangaren gyaɗa, zama na yi a kan kunya, na rasa abin da ke mini daɗi. Yohanna ya zo ya duba, ya bi layin har ƙarshe, ya dawo ta wani, yana taɓa kara yana duba ganye. Ya daɗe. Sannan ya zo ya tsuguna kusa da ni.

Ya ce, "Wuta-wutar ba ta tafi ba, Malam. Amma ta gaji. Dubi can, dubi nan."

Na duba da idon da ba na tsoro ba. A wancan yanki dawar ta tsaya a ƙirji, ganyenta ya yi rawaya. A nan ta wuce kaina, furen kuma jefi-jefi ne. Da aka yi girbi rumbun bai cika ba, amma ya wuce inda ya saba tsayawa. Abin da na auna shi na rubuta, har da mutuwar waken da makarar gyaɗar. Mutum biyun da suka tuge turakuna suka zo tambaya ko gyaɗar kowace iri ce ke yi.

Ranar da zan bar tungar, na yi sallama da kowa, ina tsaye a bakin hanya ina jiran mota. Sai ga Saratu ta fito da ƙullin zane a ka. Ta sauke a gabana, dawa ce, zaɓaɓɓiya, an sheƙe ta tas.

Na ce, "Mama, ku da kuke buƙata."

Ta ce, "Ba naka ba ne. Na haɗu da tsohuwar gidanku a kasuwar Kontagora, ta gaya mini inda dawar bara ta fito." Ta gyara bakin ƙullin ta ƙara ɗaure shi. "Ka kai wa matarka. Ka ce mata Saratu ta san kuɗin motar wa 'ya'yanta suka ci. In tana fushi, ta yi da ni, ta bar ka."

Motar ta iso, Yohanna ya ɗaga ƙullin ya miƙa wa yaron mota, ya ce a sa shi inda ruwa ba zai taɓa ba. Na ce a'a, a ba ni. A kan cinyata na riƙe shi har Tasawa.